Waiwaye Adon Tafiya: Ɗakunan Karatu Da Neman Ilmi Na Ƙashin Kai A Ƙasarmu

 

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a fitowar bana, wani ɗan abu ne da ya faru da ni a Babbar Sallar da ta wuce. Muna dawowa daga gaisuwa a ƙofar fada, ni da wani jikana haifaffen birni, sai muka bi ta gaban tsohon ɗakin karatu na garinmu. Kwado ya yi tsatsa a jikin ƙofa, awaki sun mayar da barandar wurin kwana, kwanon rufin kuma iska ta ɗage gefe guda. Yaron ya dubi ƙarafan da ke jikin tagogi ya ce, "Alhaji, nan ne gidan yarin garinku?" Na ɗauke shi wasan jika da kaka, na yi dariya. Amma da na kwanta da dare maganar ta hana ni barci, domin a wannan ɗaki ne na fara riƙe littafin da ba malami ne ya tilasta mini karanta shi ba.

Tun da yake batun farfaɗo da ɗakin yana cikin abubuwan da za a tattauna a babban taronmu mai zuwa, na ga ya kyautu mu san inda irin waɗannan ɗakuna suka samo asali, da abin da suka tsinana wa mutanenmu, da kuma abin da ya kashe su. In ba mu san cutar da ta kashe na farko ba, wanda za mu kashe wa kuɗi yanzu ma ita za ta kashe shi.

Littafi A Ƙasar Hausa Kafin Zuwan Boko

Kada mai karatu ya ɗauka Bature ne ya kawo mana son littafi. Ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su iso, akwai taskokin littattafai a gidajen malamai a Katsina da Kano da Zazzau da Barno. Takarda fatake ne ke kawo ta ta hamada, da tsada ƙwarai, littafi kuwa da hannu ake kwafarsa, shafi bayan shafi, da tawada da alƙalamin kara, a adana shi cikin gafaka. Ɗalibi yakan yi tafiyar kwana da kwanaki don ya ji labarin wani malami yana da littafi kaza, ya zauna wurinsa har ya karance shi, in an yarda masa ya kwafa ya koma gida da nasa.

Darajar littafi a wurin magabatanmu ta fito fili a shekarar 1804, lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A cikin wannan hali na tsoro da gaggawa, littattafansa suna cikin kayan da aka ɗora wa raƙuma. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma haka yake. Baturen nan matafiyi Clapperton ya ziyarce shi a Sakkwato a 1824, da ya komo a 1826 ya kawo masa tsarabar littattafai na Larabci, ciki har da littafin Iƙlidisu na lissafin handasa, wanda Turawa ke kira Euclid. Bello ya yi murna da shi matuƙa, ya shaida wa baƙon cewa da ma suna da irinsa wanda wani ɗan'uwansu ya kawo daga Makka, amma gobara ta cinye shi. Sarki ne mai daula, ga yaƙe-yaƙe ga shari'a, amma rashin littafi guda yana damunsa.

'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ce ta fi kowa gano yadda za a kai ilmi ga wanda ba zai iya zuwa makaranta ba. Ta zaɓi dattawan mata masu natsuwa daga ƙauyuka, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa alamar muƙami. Jajin takan jagoranci ayarin mata zuwa wurin Nana, su koyi waƙoƙinta na wa'azi da tarihi da hukunce-hukuncen addini, su koma su koyar da na gida. Su ne ake kira 'Yan Taru. Babu gini, babu allo na bango, amma karatu yana tafiya ƙauye-ƙauye a kan ƙafafun mata.

Sai dai wannan tsari yana da iyakarsa, kuma gara mu faɗa. Taskar malam ta malam ce. Wanda ba almajirinsa ba, ko ba ɗan gidan ilmi ba, da wuya ya kai gare ta. In malamin ya rasu kuma akan raba littattafan gado, wani ya sami farkon littafi wani ya sami ƙarshensa, abin da ya saura gara da ɗigar damina su gama da shi. Kaɗan ne suka tsira a dunƙule, kamar taskar Wazirin Sakkwato Junaidu wanda ya rasu a 1997. Wata kuwa ta tsira ne ta hanyar barin ƙasar: tarin rubuce-rubucen Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, guda fiye da 3,000, suna ajiye a Jami'ar Northwestern ta Amurka. Mai son nazarinsu daga cikinmu sai ya nemi biza.

An Koyi Karatu, Babu Abin Karantawa

Makarantar boko ta gwamnati ta fara a Nasarawa ta Kano a 1909 a hannun Ɗan Hausa, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922. Ba a jima ba wata matsala ta ɓullo wadda har yau ba ta rabu da mu ba: yaro ya koyi haɗa baƙi da wasali, ya fita makaranta, amma babu abin da zai karanta da harshensa. Karatu kuwa kamar wuƙa yake, in an daina amfani da ita sai ta dakushe.

Don maganin wannan aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta zauna a Zariya, ta koma Hukumar Talifi a 1933 ƙarƙashin Dokta R. M. East. A wannan shekara aka sa gasar ƙaga labari, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Magana Jari Ce ya biyo baya cikin littafi uku kafin ƙarshen shekarun 1930. A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam yana editanta na Hausa.

Tsofaffinmu sun sha ba mu labarin yadda ake yi da Gaskiya in ta iso gari. Mutum ɗaya ne ke saye, amma dandali guda ke ji. Mai iya karatu ya zauna a tsakiya yana karantawa da ƙarfi, ana tsayar da shi ana tambaya, ana musu, jaridar ta yi ta yawo hannu-hannu har ta yage. Da yawa daga cikin masu sauraron nan kishi ne ya kama su, suka ce me zai sa kullum sai an karanta musu. Daga nan suka nemi wani ɗan makaranta ya nuna musu baƙaƙen boko a ƙasa da tsinke. Wanda ya riga ya san ajami bai sha wata wahala ba.

Yaƙin Hitila Da Haihuwar Ɗakunan Karatu

Ɗakunan karatu irin na garinmu 'ya'yan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Gwamnatin mulkin mallaka tana ɗibar samarinmu soja, ana kai su har ƙasar Bama, wadda ake kira Miyanma a yau, tana kuma bukatar gyaɗa da kuza da kuɗin taimakon yaƙi. Saboda haka tana son jama'a su ji labarin yaƙin daga bakinta, kada su ji daga bakin masu jita-jita. Sai aka buɗe ɗakuna a manyan garuruwa, aka zuba jaridu da hotuna da taswirori da ƙasidun farfaganda. Da yaƙi ya ƙare ɗakunan suka zauna a hannun hukumomin En'e.

Ashe ke nan ba don a wayar da kan talaka ya nemi haƙƙinsa aka buɗe su ba. To amma wanda ya koya wa mutum karatu ba shi ke zaɓar masa abin da zai karanta har abada ba. Matasan malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti suka shiga karanta duk abin da ya faɗo hannunsu, har da jaridun Kudu irin su West African Pilot ta Dokta Azikiwe, wadda ta fara fita a 1937. Suka fara kafa ƙungiyoyin tattaunawa, inda za a karanto abu a zo a baje shi a yi muhawara.

Abin da ya faru a Bauci shi ya fi shahara. A farkon shekarun 1940 Allah ya haɗa mutum uku a garin: Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suna koyarwa a Makarantar Midil, ga kuma Malam Sa'adu Zungur, ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba, ya komo gida daga Zariya. Sa'adu mutum ne da ya haɗa zurfin ilmin Arabiyya da na boko, mafi yawansa kuma da ƙoƙarin kansa ya tara shi. A wajajen 1943 zuwa 1944 aka yi wani zauren tattaunawa da yardar hukuma, Malam Aminu yana sakatarensa, ana taruwa da ma'aikatan En'e da Turawan mulki ana muhawara a kan al'amuran ƙasa. Tafiya ta yi tafiya har aka kai ga tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna, aka kuma tambayi ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi. Nan hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, aka rufe zauren. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Irin waɗannan ƙungiyoyi na Bauci da Zariya da Kaduna da Kano da Sakkwato su ne suka zama harsashin Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, daga cikin wannan yunƙuri kuma NEPU ta fito a 1950. Wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko, da wanda ya zama jagoran talakawa, duk sun yi wasa da takobin bakinsu a wannan zaure.

Yaƙi Da Jahilci

A watan Agusta na 1950 Tafawa Ɓalewa ya gabatar da shahararren ƙudurinsa a Majalisar Arewa a Kaduna, yana neman a gyara tsarin En'e, ya kuma ja hankali ga duhun kan da aka bar talakawa a ciki. Ba a daɗe ba gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar gangamin da aka sa wa suna Yaƙi da Jahilci, hedikwatarsa a Zariya, wanda Malam Ahmadu Kumasi ya zama jigonsa. Aka buɗe azuzuwan manya a zauruka da gindin itatuwa, magidanta masu furfura suna zuwa da yamma bayan an taso daga gona.

Me ya kai dattijo mai 'ya'ya da jikoki ya zauna yana maimaita baƙi da wasali kamar yaro? Iyayenmu sun ba da amsa da bakinsu. Yana son ya karanta takardar harajinsa ya tabbata abin da ya biya shi aka rubuta. Yana son ya dubi sikeli da idonsa ranar awon gyaɗa ko auduga. Yana son in ɗansa ya aiko da wasiƙa daga bariki ya karanta abarsa, ba sai asirin gidansa ya bi ta kunnen wani ba. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne 'yancin talaka na farko, tun kafin a sauke tutar Ingila.

Masu shirya gangamin sun tuna da darasin shekarun 1930, wato in ba a samar da abin karantawa ba aikin banza aka yi. Don haka aka kafa hukumar NORLA a 1954, tana aiki kafaɗa da kafaɗa da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Zariya tun 1945. Ta buga ƙananan littattafai masu araha a kan noma da kiwo da tsafta da sana'o'i da addini da tarihi, da boko da ajami, da labarai irin su Iliya Ɗan Maiƙarfi da Da'u Fataken Dare. Ta kuma fitar da jaridun larduna, kowane lardi da tasa: Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zazzau, Zumunta a Bauci, Albishir a Barno, da sauransu. Mutum ya buɗe jarida ya ga sunan kasuwar garinsu da na hakiminsu, dole ya so ya karanta.

A ɓangaren ɗakunan karatu kuwa, an kafa Babban Laburaren Jihar Arewa a Kaduna a 1952. Cikin ayyukansa har da aika akwatunan littattafai zuwa ɗakunan karatu na En'e da makarantu, in an karance a mayar a kawo wasu. Duk wanda ya yi zamani da wannan akwati ya san abin da nake nufi in na ce ranar isowarsa ranar salla ce ga mai son karatu. Littafin da ke cikinsa ba naka ba ne, ba na sarki ba ne, ba na malam ba ne. Na duk wanda ya shigo ya rubuta sunansa ne, ɗan sarki ko ɗan maƙeri. Wannan shi ne sabon abin da ɗakin karatu na jama'a ya kawo wanda taskar malam ba ta da shi.

Inda Gizo Ya Yi Saƙa

NORLA ba ta yi tsawon rai ba, an rufe ta a 1959, jaridun larduna suka bi ta. Ɗakunan karatun ma tun da wuri suka fara ciwo. A 1953 hukumar UNESCO ta yi babban taro a Ibadan a kan ɗakunan karatu na jama'a a Afirka. Jihar Gabas ta ɗauki shawarar taron, ta yi doka a 1955 ta kafa hukumar laburare mai cin gashin kanta, ta buɗe babban laburare a Inugu a 1959. A Arewa aikin ya ci gaba da zama wani ɗan sashe a ƙarƙashin ma'aikata, ɗakunan garuruwa kuma suna hannun En'e, wadda take da 'yan doka da gidan yari da hanyoyi da za ta kashe wa kuɗi kafin ta tuna da littafi.

A 1963 wani masanin laburare daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya zagaya Arewa ya rubuta rahoto a kan bukatunta ta wannan fanni. Bai sami ɗakunan En'e cikin kyakkyawan hali ba, ya ba da shawarar a sake tsarin, a kuma horar da ma'aikata. Cikin amfanin da aka samu daga baya har da buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968. Mu da muka shiga irin waɗannan ɗakuna mun san ciwon ba sai an faɗa mana ba. Sau da yawa wanda aka ba tsaron ɗakin ba don ya san littafi aka ba shi ba, an dai nema masa abin yi ne. Yana tsoron kada littafi ya ɓata a cire a albashinsa, saboda haka sai ya kulle su a kabad ya sa makulli a aljihu. Littattafan da yawansu na Turanci ne, an rubuta su don mutanen wata ƙasa. Mata kuwa ba a ma sa su a lissafi ba.

Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967 aka raba kayan laburaren Kaduna tsakanin jihohin Arewa shida. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, ɗakunan suka zama marayu, kowa yana cewa na wani ne. Karyewar darajar naira daga 1986 ta sa littafin waje ya gagari hukuma balle talaka. Akwati ya daina zuwa. Mai karatu ya zo yau ya zo gobe ya tarar da abin da ya karance tun bara, sai ya ɗauke ƙafa. Ginin yana nan, amma ɗakin karatun ya riga ya mutu shekaru kafin a sa masa kwado.

Abin sha'awa shi ne, ƙishirwar karatun ba ta mutu tare da shi ba. A 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, wadda aikinta ya jawo mata lambar yabo ta UNESCO. Daga irin waɗannan azuzuwa aka sami marubutan da suka cika kasuwa da littattafai. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta koma ta nemi ilmi a ajin manya, ta rubuta Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, wanda aka fassara shi da Turanci aka buga a Indiya a 2012. Malam Ado Ahmad Gidan Dabino bai yi firamare yana yaro ba, ajin dare na manya ya shiga, ya zo ya rubuta In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Su wa suka ɗauki aikin da akwatin Kaduna ya bari? Masu shagunan hayar littafi na cikin unguwanni. Yaro ya kai 'yan kuɗi kaɗan ya karɓo wa yayarsa ko matar gidansu littafi, ta karance cikin kwana biyu a mayar a karɓo wani. Malamai da iyaye sun yi ta sukar waɗannan littattafai na soyayya, wani sukan kuma da gaskiyarsa. Amma ni a ganina mai shagon haya ya fahimci abu uku da hukuma ta manta: ya kawo littafi da harshen da ake ji, yana sabunta kayansa, kuma kayansa suna shiga har cikin gida wurin matan aure.

Sharaɗin Carnegie

Bari in ɗan fita waje kaɗan, domin akwai wani mutum da sunansa ke cikin tarihin laburare a Nijeriya. A 1932 gidauniyar Carnegie ta Amurka ta ba da dala 6,000 aka kafa laburare a Legas, ko da yake na biyan kuɗin shiga ne, Turawa suka fi cin moriyarsa. Mai gidauniyar, Andrew Carnegie, ɗan masaƙi ne da aka haifa a Sikotlan a 1835. Talauci ya kori iyayensa zuwa Amurka a 1848, ya fara aikin masaƙa yana ɗan shekara 13. Wani mutum mai suna Kanar Anderson ya buɗe wa yara 'yan ƙwadago taskarsa mai littafi wajen 400, suna ara duk ranar Asabar. Da wannan Carnegie ya ilmantar da kansa. Da ya zama hamshaƙin attajirin ƙarfe, kuɗinsa sun gina ɗakunan karatu 2,509 a ƙasashe daban-daban tsakanin 1883 da 1929. Ba waliyyi ba ne, ma'aikatansa sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun kamfaninsa, musamman a yajin aikin 1892 da aka zubar da jini. Abin da ya sa na kawo shi sharaɗinsa ne. Ba ya gina wa gari laburare sai garin ya ba da fili, ya kuma ɗauki alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen littattafai da albashi da gyara. Garin da bai yarda ba, ba ya samun ko bulo ɗaya.

Mu kuwa mun fi son abin da za a yanke ƙyalle a buɗe, a liƙa allo mai sunayen waɗanda suka ba da gudummawa. Na ji wasu 'yan'uwa suna cewa a rushe tsohon ɗakin a tayar da bene. Wasu kuma suna cewa zamanin laburare ya wuce tun da kowane yaro yana da waya a hannu. Ga masu maganar waya, ina roƙonsu su je gida su ga inda ɗalibin sakandare yake karatun jarrabawa: ɗaki ɗaya da ƙannensa biyar, babu wuta, babu tebur, kuɗin data kuma sai an yi rabon abinci an ga saura. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, alhali akwai yaranmu da ranar jarrabawar ce ranar farko da za su taɓa kwamfuta. 'Ya'yanmu na birni ba su san wannan ba, shi ya sa mu ma muke mantawa.

Ga masu maganar bene kuwa, shawarata ita ce a gyara wanda ke akwai, rarar kuɗin a ajiye ta don tafiyar da shi. A rubuta cikin tsarin mulkin ƙungiya cewa wani kaso na kuɗin shekara na ɗakin karatu ne, kada ya zama sai an yi roƙo a kowane taro. A sa masa wuta mai aiki da hasken rana don a buɗe bayan Magariba, lokacin da manomi da ɗan kasuwa da ɗalibi suke da sarari. A ware ranaku na mata, da mace mai kula da su, a kuma yarda a ari littafi a kai cikin gida ko da wani zai ɓata. Littafin da ya ɓata a hannun mai karatu ya fi wanda gara ta ci a kabad. A nemi izinin gidajen malamanmu a ɗauki hoton rubuce-rubucen kakanninsu a ajiye kwafi, asalin ya zauna wurin masu shi. Ina kuma roƙon 'yan'uwa, don Allah kada ɗakin ya zama juji. In za a aiko da littafi a aiko da wanda mutum zai so ɗansa ya karanta, kada a kwaso tsofaffin da suka tare wuri a gida a ce an yi sadaka.

Kafin in baro gida na nemi wanda makullin ke hannunsa, muka buɗe muka shiga. Bangon lafiya lau yake, katakon rufi ne ya ruɓe ta gabas. Kabad biyu suna nan, da dogon teburin da muke zama a kai, har da rajistar masu aro, wadda na ga sunayen mutane da dama da ke cikin wannan ƙungiya a ciki da rubutun hannunsu na yarinta. Na karɓi aronta, zan zo da ita taro in Allah ya kai mu. Tambayar da zan fara yi wa kwamitin ayyuka a ranar ita ce, wa zai zauna a ɗakin nan kullum, kuma daga wane asusu za a riƙa biyansa albashi.